Shekarar da Na Dafa Filasko

A gidanmu na unguwar Misfala a Makka, tun kafin a duba kalanda, turmin Kaka ke gaya mana azumi ya matso. Ƙaramin turmi ne na tagulla, tsawonsa bai wuce taƙi guda ba, kuma shekara cur yake yi a kife a saman kwabarta ba mai taɓa shi. Idan Sha'aban ya raba tsakiya sai ta ce a sauko mata da shi. Daga ranar kowa ya san sharba na tafe.

Sharba jiƙon wankin ciki ce da Kaka ke ba duk wanda ke cin abincin gidan kafin a ga watan Ramalana. Takan ce ba za ta bar kowa ya shiga azumi da cikin da ya sha maiƙon shekara guda ba. Ganyen filasko ne jigonta, wanda mu 'yan nan muka fi sani da sanamakki. Akwai tsamiya da dabino don rage ɗaci. Sai kuma halila, wata 'yar baƙar ƙwaya mai yamutsattsar fata kamar dabinon da ya bushe ya ƙanƙance. Ita daga Indiya ake kawo ta. Wani tsohon Ba'indiye ke sayar mana, mai shagon kayan ƙamshi da magunguna a wani lungu da ke gangarawa titin Harami, wanda muke ce wa attar. Shi ya fara nuna wa Kaka ita tun ba a haifi mahaifiyata ba. Ya ce masu maganin gargajiya na ƙasarsu ba abin da suke girmamawa a kan ciwon ciki kamarta.

Ni aka sa wa sunan Kaka, shi ya sa ba mai kiran sunana a gidan, ita kuma takwara take ce mini. Da iyayena suka koma unguwar Zahir sai aka bar ni a ɗakinta, a nan na girma. Tun ina shekara bakwai aikina ne in raka ta shagon attar. Ina riƙe hannunta na dama, saboda gwiwar wannan gefen ce ke mata ciwo, mu ratsa cikin masu umara da fararen haraminsu da jarkokin zamzam, ina jin ɗumin tafinta cikin nawa. Attar yakan ba ni alewar da ya ɓoye a bayan kwalaben zuma. Wannan tafiya ita ce abin da na fi so a duk shekara.

Amma da mun dawo gida, aikina ya ƙare. Warin filasko yana tayar mini da zuciya. Sai in ɗauki littafi in tsaya a bakin ƙofar kicin, mayafi a hanci, ina kallon Kaka zaune a kan tabarma da faifai a cinya, hasken taga yana sauka a kan zobenta na azurfa. Ina son wannan hoton ƙwarai. Har na taɓa rubuta shi da Larabci a makaranta, malamarmu ta karanta wa aji, ta ce na iya kallo. Ban taɓa zama na taɓa ganye ko ɗaya ba, sai lokacin da Kaka ke kiran kowa ya zo ya tsunkuli nasa daga faifai da yatsu uku ya zuba a kofinsa. Na ɗauka neman albarka ne kawai.

Ina shekara ta uku a jami'a wani ɗalibi daga Sakkwato, mai karatun hadisi, ya kama ɗakin da ke samanmu. Bai daɗe ba ya kawo matarsa. Sa'ata ce, doguwa, mai wushirya, kuma tun da ta zo da lallen biki a ƙafa kowa ya riƙa ce mata Amarya. Ranar da ta fara saukowa gaishe mu ta faɗo daidai ranar sharba. Ta durƙusa a ƙofar kicin, kusa da ƙafata, ta shaƙi iskar, sai ta ce:

“Hilasko na wanga, Inna?”

Kaka ta ɗago kai a hankali. Tana 'yar shekara shida aka taho da ita daga wani ƙauye a ƙasar Sakkwato, ba ta sake komawa ba, amma harshenta bai taɓa barin can ba.

“Wa ya ce hilasko cikin gidan ga?” in ji ta. “Matso in gan ki. Ɗiyar wa ce ke?”

Amarya ta cire takalmi, ta wuce ni, ta zauna a gefen tabarmar kamar an daɗe da ajiye mata wurin. Kafin ta gama faɗin garinsu hannunta ya riga ya shiga faifan. Na tsaya da mayafi a hanci ina jin suna jera sunayen ƙauyuka da rijiyoyi da ban taɓa ji ba. Kaka ta yi wata irin dariya mai fitowa daga ƙirji, wadda ni da na kwana ɗakinta shekara goma sha biyar ban san tana da ita ba.

Ba zan ce Amarya ta taɓa yi mini wani abu ba. Da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Idan ta yi fura sai ta sauko mini da tawa a kwano daban, ta ce, “Malama, ga taki, ban sa yaji da yawa ba, na san bakin 'yan Makka.” Tana roƙona in gyara mata Larabcinta, ta yi ta dariyar kanta. Ni kuwa idan na dawo daga jami'a na ga silifas ɗinta a ƙofarmu, sai in tsallake su. In shiga in tarar tana matsa wa Kaka ƙafa, ko tana yi mata kitso, su yi mini sannu da zuwa su koma hirarsu. Kaka ɗiyata take ce mata. Wata rana ina kwance ina riya karatu, na ƙirga: sau tara ta ce ɗiyata tsakanin la'asar da magariba, takwara sau ɗaya, shi ma don in miƙo mata carbi.

Na san sunan abin da ke damuna. Na san abin da malamai suka faɗa a kansa. Nakan yi sallah in roƙi Allah Ya wanke mini zuciya, in shafa, in ji muryar Amarya a matakala, abin ya dawo sabo.

Da Sha'aban ya zagayo, na baro jami'a da wuri ranar da na san za a je shagon attar. Ko abayata ban cire ba na leƙa ɗaki. Ba Kaka, ba sandarta, ba takalminta. Na tsaya a taga har na hango su tafe daga ƙasan lungu, Amarya da leda a hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da Kaka. Hannun hagu ta riƙe. Na ce a raina, ko gefen da ake riƙe ta ba ta sani ba. Amma Kaka tafe take tana magana tana nuna gine-gine da sanda, ba alamar gwiwa na damunta.

“Ai da kun jira ni,” na ce da suka shigo.

“Kina wurin karatu, takwara. Ga ɗiyata zaune ba ta komai.”

Amarya ta buɗe tafinta ta miƙo mini alewa. “Tsohon nan ya ce in kawo miki. Ya ce ina yarinyarsa.”

Na ce na gode, na ajiye ta a kan firji. Tana nan har ta narke.

Da yammar nan ina wanke kofuna na ji Amarya tana yaba turmin, tana cewa ba ta taɓa jin mai zaƙin ƙara kamarsa ba. Kaka ta ce uwarta ce ta saye shi shekarar da suka iso Makka.

“In na tahi,” in ji ta, “wanda ya iya aiki da shi, shi ka ɗaukar shi. Ba ni barin shi ya zama kayan ado.”

Na kira mahaifiyata a waya na faɗa mata, ina ƙoƙarin sa muryata ta zama kamar ta mai ba da labari kawai. Ta yi dariya. “To ke ina ruwanki da turmi, ya binti? Ke da ko ƙamshin abin ba kya iya shaƙa. In kina so in saya miki injin niƙa.”

An tsayar da Alhamis za a yi sharba. Ranar Talata mahaifiyata za ta kai Kaka asibitin ido, Amarya kuma ta ce za ta raka su. Sai na yanke shawara. Zan haɗa tawa sharbar ni kaɗai, in ajiye, in sun dawo in kawo wa Kaka a kofinta in ce ɗanɗana. Na yi ta hango fuskarta a raina. Har kalmomin da za ta faɗa na tsara mata.

Ranar Litinin na je shagon attar ni kaɗai, don kada a ga an taɓa kayan da suka sayo. Ya tsufa sosai, gemunsa ja da lalle. Ya tambayi Hajiya, wato Kaka, na ce tana lafiya. Da yake ƙulla mini halila ya ɗaga yatsa ya fara magana da Larabcinsa mai karyayyen harshe, wani abu game da man shanu da wuta kaɗan. Na katse shi.

“Na sani, ammi. A gidan na girma.”

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ƙulle ledar.

Ranar Talata, suna fita da safe na hau kujera na sauko da turmin. Ya fi yadda na zata nauyi. Na zuba halila ɗanya na fara daka, ƙwayoyin suna tsalle suna faɗawa ƙarƙashin kwaba kamar tsakuwa. Da ƙyar na farfasa su. Na ɗebi filasko da babban cokali, yadda na karanta a waya, na ƙara cokali biyu don kada a ce tawa ba ta da ƙarfi. Ganye da tsinkayensa da komai na zuba a tukunya, na sa tsamiya da dabino, na kunna gas. Na bar shi ya yi ta tafasa kamar shayi har ruwan ya koma baƙi wuluk. Na Kaka ruwan zuma yake fitowa, amma sai na ga nawa ya fi kama da magani. Na ji daɗi.

Akwai ƙa'ida ɗaya da na riƙe daga tsayuwata a bakin ƙofa: wadda ta haɗa ita ke fara sha. Na toshe hanci na shanye kofi guda. Na jira, ban ji komai ba, na ƙara rabi. Na wanke turmin na mayar, na buɗe tagogi, na ɓoye tukunyar a cikin oven.

Sun dawo ana kiran azahar. Kaka ta tsaya a bakin ƙofa, auduga a ido ɗaya, ta ɗaga hanci. Ta daɗe a tsaye. Mahaifiyata ta juya don ta koma Zahir, Amarya ma ta kama hanyar sama.

“Ɗiyata, kak ki hau tukuna,” in ji Kaka. “Zamna nan. Za a bukace ki.” Sai ta juyo wajena. “Takwara, kin ci wani abu yau?”

Na ce na ci. Na yi niyyar fito da tukunyar bayan ta huta.

Ana idar da la'asar abin ya fara. Kamar an sa hannu a ƙasan cibiyata ana matse wanki. Na shiga banɗaki na fito, na koma na fito, har na daina ƙirgawa. A ƙarshe na kwanta a kan tayil ɗin barandar da ke tsakanin banɗaki da kicin, kuncina a ƙasa don sanyinsa, gumi ya jiƙa rigata. Ƙafafun da na fara gani a gabana masu lalle ne.

“Kofi nawa kinka sha, Malama?”

“Ɗaya da rabi.”

Ta rufe baki da mayafi. Na ga kafaɗunta suna rawa. “Ki yi haƙuri,” ta ce, “wallahi ba dariya nike ba. Wanga ko raƙumi aka ba sai ya durƙusa.”

Ta ɗago kaina ta ɗora a cinyarta. Ta cika kwalba da ruwan ɗumi ta naɗe da tawul ta ɗora mini a ciki, ta riƙa ba ni ruwa da ɗan gishiri da sukari cokali cokali, tana shafa mini goshi. Hannunta yana da sanyi da taushi, ya san inda zai danna. Na gane abin da ƙafar Kaka ke ji kullum, na ƙara jin haushinta, kuma ban so ta ɗauke hannun ba.

Kaka ta sa aka kawo mata kujera har inda nake, aka fito da tukunyar daga inda na ɓoye ta, don ta san wurin ba tare da an faɗa mata ba. Ta tsoma yatsu biyu ta lalubo wasu siraran tsinkaye, ta buɗe tafina ta zuba mini.

“Waɗanga su ka murɗa ki. Mi kike zato nike yi da faifai tun hantsi har azahar? Tsince su nike, ɗaya ɗaya. Kuma hilasko ba a dahwa shi. Ruwan ɗumi aka zuba mishi a ruhe, a bar shi ya saki da kainai. Halila kuwa sai an soya ta cikin man shanu, in ba haka ba ta ƙeƙashe hanji.” Ta sake shanshana tukunyar. “Da mi kinka auna?”

“Da cokali.”

“Da cokali.” Ta juya wajen Amarya, sannan ta dawo gare ni. “Sau nawa na kira ki kinka tsunkula da yatsunki uku? Wanga shi na awon. Yaro yatsunai ƙanana, babba nashi manya. Kowa cikinai daidai hannunai.”

Ban san lokacin da kuka ya zo ba. Ina kwance a cinyar wadda nake kishi da ita, na faɗi abin da na shekara ina haɗiyewa.

“Ni ce takwararki, Kaka. Ni ke kai ki shago tun ina ƙarama. Daga zuwanta kin manta da ni. Ta fi ni ne?”

Hannun Amarya ya tsaya a goshina. Kaka ta goge yatsunta a bakin zane.

“Ta hi ki zama,” ta ce. “Ke fuskata kike kallo daga bakin ƙohwa. Ita hannuna take kallo. Ban taɓa hana ki tabarmar ga ba, takwara.”

Ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma ƙara faɗa ba. Ta ce a zubar da tukunyar, kuma an ɗauke mini sharbar bana tunda na riga kowa.

Ranar Alhamis, jikina ba ƙarfi, na zauna a tabarmar. Amarya ta matsa ta ba ni wuri. Warin yana nan yadda na san shi, na yi ta haɗiye yawu. Ita tana tsince goma ina tsince biyu, Kaka kuma tana bin nawa da yatsa tana fito da waɗanda na bari. Haka muka yi Sha'aban biyu mu uku. Na koyi ɗumin ruwan da bayan hannu. Na koyi rufe kwano da faranti in bar shi. Suyar halila ce kullum Amarya ke yi, don ni hayaƙin man yana sa ni tari, na ce zan koya baɗi.

Sai mijin Amarya ya gama karatu. Ana saura kwana uku su tafi, Kaka ta ce in sauko mata da turmin, alhali watan Shawwal muke. Na sauko da shi da sauri, don na ɗauka zamana na shekara biyu ya isa a ba ni shi. Ta naɗe shi da taɓaryarsa a cikin tsohon zanenta, ta ɗora a cinyar Amarya. Amarya ta dube ni, ta ce ba za ta karɓa ba, ga mai shi nan zaune.

“Karɓi,” in ji Kaka. “Ita tana da ni.”

Ni na sauke mata jakar har bakin mota. Ina jin turmin yana bugun gwiwata ta cikin kaya a kowace matakala. Mun rungumi juna, mun yi kuka, kukana na gaskiya ne, kuma duk da haka idona yana kan jakar har aka rufe but.

Bana Kaka ta fara rikicewa. Wasu ranakun tana nan sarai, wasu kuma tana can ƙauyen da ta baro tana shekara shida. Da Sha'aban ya raba tsakiya ba ta tuna da sharba ba, sai ni na je shagon attar, inda ɗansa ke zama yanzu. Na tsince ganyen tun hantsi har azahar. Na ɗora kasko, na zuba man shanu, sai na tsaya da halila a hannu. Na je na durƙusa gaban Kaka.

“Kaka, har yaushe ake barin ta a wuta?”

Ta daɗe tana kallona da idonta mai gani. Ta yi murmushi, ta shafa kumatuna.

“Ɗiyata,” ta ce, “yaushe kinka dawo?”

Na ce jiya. Na gyara mata matashi, na koma kicin na kashe wutar, na tura wa Amarya saƙo. Ba a jima ba amsarta ta shigo, muryarta da hayaniyar yara da kukan akuya.

“Malama, wuta kaɗan. Ki yi ta juya ta har ta kumbura ta yi sheƙi, da kin ji ƙamshi ya canza ki sauke, kak ki bari ta fashe. Ki gaishe min da Inna. Mu ma yau muke namu, kin ji maƙwabciyata na taya ni daka.”

Na ji. A bayan maganarta, can ƙasa ƙasa, tagullar tana ƙara, irin ƙarar da ke tashe ni daga barcin rana tun ina yarinya. Na soya halilar yadda ta ce, ta kumbura ta yi sheƙi, na daka ta a turmin ƙarfe da na saya a kasuwar Zahir, mai ƙara kamar ana buga murfin tukunya. Sharbar ta fito ruwan zuma. Na fara sha, ba ta murɗe ni ba.

Saƙon yana nan a wayata. Sau ɗaya na saurare shi don halila. Sauran lokutan ƙara sautin nake yi, in kara wayar a kunne, in bi ta bayan muryarta in nemo ƙarar tagullar.